Jinyar kare bayan an yanke masa ƙafa: aikin da ke jiran mai gida

Karen da aka yanke wa ƙafa ɗaya yana tashi, yana tafiya, yana gudu, yana kuma komawa bakin gadinsa. Mafi yawansu suna miƙewa da kansu cikin kwana 1 zuwa 3, kafin wata ya zagayo sun saba da ƙafa uku. Rashin ƙafar ba ya kisa. Abin da ke kashe su a nan Damagaram yana cikin makonni biyun farko ne: ƙuda ya sauka a kan ɗinki, ko karen ya yi ta lasa har zare ya ɓalle, ko wani mai tausayi ya ba shi ƙwayar ciwon jiki irin ta mutane. Duk waɗannan a gida suke faruwa, bayan likitan dabbobi ya gama nasa aikin, kuma ana iya tare su da abin da ke cikin gida: tsumma mai tsabta, gishiri, gidan sauro, da mutum ɗaya da ya yarda zai sa hannu.

Samun wannan mutumin shi ne abu mafi wuya. Karnukanmu na gadi ne, na farauta, na bin garke. Daga nesa ake zuba musu abinci, ba a saba taɓa su ba, jinya kuwa ba ta yiwuwa daga nesa. Wanda yake jin nauyin taɓawa saboda tsarki ya sani cewa a mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi a ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa. Jini da mugunya ne najasa, su kuma ruwa da sabulu ke gusar da su. Hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa sananne ne ga kowa. Karen da ya kwana yana tsare maka gida ko tumaki yana da hakki a kanka ranar da ya kasa tsayuwa. A ware tufa ɗaya ta jinya, a sayo safar hannu ta roba a farmasi, a zaɓi wanda karen ya fi sani a gidan. Shi zai riƙa ba shi magani, shi zai riƙa duba ɗinkin safe da yamma. Idan hannu ya yi yawa, wani ya ba da magani sau biyu, wani ya manta.

Yana da kyau mai jinya ya fahimci abin da aka yi wa dabbar. Ƙafar gaba galibi ana cire ta ne gaba ɗaya har da allon kafaɗa. Ta baya ana cire ta daga gaɓar kwatangwalo, ko a yanke ƙashin cinya daga sama a rufe shi da tsoka. Mutane kan ga haka su ce likita ya yi ɓarna, da ya bar masa ɗan dungu. Dungu mai tsawo ba ya amfanar kare da komai. Zai riƙa ƙoƙarin takawa da shi, yana gogar ƙasa, ƙashi yana tura fata daga ciki, sai ya zama gyambon da ba ya warkewa har a sake yanka. Don haka ma ƙafar katako ko ta roba da wasu ke sha'awar ɗaura masa ba ta da wurin zama, miki kawai take jawowa. Sannan kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a kan ƙafafun gaba yake, kashi 40 a kan na baya. Wanda ya rasa ta gaba ya fi shan wahala, tsalle-tsalle yake yi yana ɗaga kai, yana saurin gajiya, gangara tana ba shi tsoro. Wanda ya rasa ta baya ya fi saurin sabawa, sai dai hawa da tsallake rariya ke yi masa wuya.

Kafin a baro wurin likita a tambaye shi, a kuma sa ya rubuta: nauyin karen kilo nawa, sunan kowane magani da awonsa da lokacinsa, ko zaren mai narkewa ne ko sai an cire, ko ya sa ɗan tiyon da ke fitar da ruwa da ranar da za a zare shi (yawanci kwana 2 zuwa 4), da lambar da za a kira da dare. Kada a ɗauko shi a kabu-kabu. A samo adaidaita ko mota, a shimfiɗa buhu da zane, a kwantar da shi ta gefen da ke da lafiya, ɗinkin yana sama.

Daren farko

Allurar barci tana rage wa jiki ikon riƙe ɗumi. A hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba ke sauka ƙasa da digiri 15, a lulluɓe shi da tsohon bargo. A bazara kuwa, Afrilu da Mayu, da zafi ke haura 40, abin tsoron akasin haka ne: ɗakin kwano da rana zai iya kashe shi. Ɗakin ƙasa mai iska ko zaure ya fi. Kada a ba shi ruwa sai ya iya ɗaga kai ya riƙe shi da kansa, domin wanda bai gama farfaɗowa ba ruwan na iya bi masa ta hanyar numfashi. In ya farka a ba shi rabin kofi, a jira minti 30, in bai yi amai ba a ƙara. Abinci rabin abin da ya saba ci ya isa, in ma ya ƙi a daren nan ba damuwa.

Akwai abubuwa uku da za a riƙa dubawa duk bayan awa 2 zuwa 3 a wannan dare. Na farko dasashi. A ɗaga leɓen sama: ya kamata a ga ja-ja mai haske da danshi. A danna da yatsa, wurin zai yi fari, ya kamata launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Dasashi fari fat, da sanyin kunnuwa da dagi, alama ce ta zubar jini, ko da ba a ga jinin a waje ba, domin manyan jijiyoyin hammata da na cinya aka ɗaure, kuma jini na iya taruwa a ƙarƙashin fata. Na biyu numfashi: kare mai kwance cikin natsuwa yana yin 10 zuwa 30 a minti. Na uku ɗinkin kansa. Ɗan ruwa-ruwa mai surkin jini da ke tsattsafowa kwana 1 ko 2 ba wani abu ba ne. Jini ja da ke ɗiga bai tsaya ba, a ninka tsumma mai tsabta a danne wurin minti 10 cur ba tare da ɗagawa don leƙawa ba, wani kuma yana kiran likita.

Kare mai jin ciwo yana cizon ko wanda ya rene shi. Kafin a taɓa ɗinki a sa masa takunkumi na tsumma mai tsawon mita 1: a yi zarge a zura a bakinsa, ƙulli ɗaya a saman hanci, a sauko a gitta a ƙarƙashin haɓa, a kai bayan kunnuwa a ɗaure ɗaurin da ake warwarewa da ja ɗaya. Kada ya wuce minti 10 a bakinsa, kada kuma a sa wa mai amai ko mai haki, tunda ta baki kare ke fitar da zafin jikinsa. In aka yi rashin sa'a ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar, a faɗi ko an taɓa yi wa karen rigakafin cutar haukan kare. Cutar tana nan a ƙasarmu, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum ba a tashi.

Magani

A nan aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke kan tiren kowane mai tallan magani, suna huda wa kare ciki su kuma lalata masa ƙoda. Ƙwaya ɗaya ta ibuprofen mai miligiram 400 ta isa ta taɓa cikin kare mai kilo 15. Paracetamol da aspirin ma ba a ba shi sai likita ne ya auna. Taramol kuwa, ban da fitinar da ya zama a cikin gari, aikinsa a jikin kare ba shi da ƙarfi kamar a jikin mutum, wanda ake sayarwa a ɓoye kuma ba wanda ya san awon da ke cikinsa.

Maganin ciwo da kumburi da likitoci suka fi ba kare shi ne meloxicam: miligiram 0.2 ga kowane kilo a ranar farko, daga nan 0.1 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, tare da abinci. A lissafa: kare mai kilo 15 miligiram 1.5 ne rabonsa a rana. Ƙaramar ƙwayar meloxicam ta mutane da aka saba gani miligiram 7.5 ce, wato ninki biyar ke nan. Allurarsa ta shanu kuma tana da miligiram 20 a kowane mililita, ninki huɗu na wadda ake yi wa karnuka. Wanda ya ɗebi awon akuya ya yi wa kare ya cuce shi. Abu na biyu, ba a haɗa meloxicam da dexamethasone ko prednisolone, haɗin nan ne ke sa ciki ya yi jini. Da an ga amai, ko zawo, ko kashi baƙi ƙirin mai yauƙi, ko karen ya daina cin abinci, a dakatar da maganin nan take a sanar da likita. Haka in ba ya shan ruwa, domin a jiki mai ƙarancin ruwa ne maganin ke cin ƙoda.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta, in likita ya rubuta, a ƙarasa kwanakinsa ko da ɗinki ya yi kyau. Allurar nan mai ruwan ɗorawa da ake sayarwa a kasuwar dabbobi don shanu da tumaki ba ta kare ba ce, tana ƙona tsoka ta bar ƙurji. Don ba shi ƙwaya, a cusa ta cikin ɗan guntun hanta dafaffiya, a fara ba shi guntu ɗaya marar komai, sai mai maganin, sai a nuna masa na uku don ya yi saurin haɗiyewa.

Kare ba ya yawan kuka don ciwo, shi ya sa ake cewa ai ba ya jin komai. Yana ji. A duba haki alhali ba zafi, rawar jiki, kasa samun wurin kwanciya, ƙin abinci, ɓuya a lungu, gurnani in an matso. Wasu kuma, bayan kwanaki ko makonni, sai su zabura daga barci su yi ƙara su waiwaya wajen da ƙafar take a da. Jijiyar da aka yanke ce ke aika saƙon ciwo. Akwai maganinsa, gabapentin, likita ne ke auna shi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa.

Ɗinki, ƙuda da harshe

A duba ɗinkin sau biyu a rana a cikin haske, a kuma ɗauki hotonsa da waya kowace safiya. Ido yana mantuwa, hoton jiya ba ya yi, ana kuma iya tura wa likita ta WhatsApp ya rage zirga-zirga. Ɗinki mai lafiya bakinsa a haɗe yake, bushe, da ɗan ja a gefe. Fatar kewaye kan yi shuɗi-shuɗi ko ja mai duhu daga kwana na biyu, launin ya riƙa gangarowa ƙirji ko mara. Jinin da ya kwanta ne ke bin nauyi, zai washe da kansa.

In ɗinkin bushe ne, a ƙyale shi. Yawan wankewa yana jinkirta warkewa. In akwai abin da ya tsattsafo ya bushe, a tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, a bari ya huce, a jiƙa kompres, wato ƙyallen goge ciwo na farmasi, a goge daga kan ɗinki zuwa waje, kowane shafi da sabon kompres. Auduga tana barin zare-zare a jikin ɗinki, kompres ya fi. In za a sa Bétadine, maganin wanke ciwo mai rawayar kwalba, a surka murfi 1 da murfi 9 na wannan ruwan. Ruwan gishirin kullum a dafa sabo. Alkol da ruwan nan mai kumfa da ake zuba wa ciwo suna kashe sabon naman da ke tohowa. Toka, baƙin mai, garin batir, kashin shanu, barkono, babu ɗayansu da ke da hurumi a nan. Fiya-fiya kuwa da ake ɗiga wa ciwon dabba don korar tsutsa guba ce da ke ratsa fata: dalala, rawar jiki, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, sai mutuwa.

Kwana 3 na farko sanyi yana rage kumburi. A sayi ƙanƙarar leda, a naɗe ta cikin busasshen tawul, a ɗora kusa da ɗinkin minti 10, sau 3 a rana, a tabbata ruwan bai jiƙa wurin ba. Daga kwana na huɗu a koma ɗumi: tsumma da aka jiƙa a ruwan ɗumi aka matse aka sa cikin leda, a gwada a bayan hannu tukuna.

Tsakanin kwana 3 zuwa 7 ana yawan ganin wani kumburi mai laushi a ƙasan ɗinki, yana motsi in an taɓa, ba zafi, karen bai damu da shi ba. Ruwan jiki ne ya taru a gurbin da ƙafa ta bari, yawan motsi ke ƙara shi. Kada a huda shi da allura ko reza, hudawar ce ke shigar da cuta. A rage masa yawo, a ci gaba da gashin ɗumi, jiki zai shanye shi cikin mako 2 zuwa 3. Wanda ke buƙatar likita a ranar shi ne kumburi mai tauri da zafi da ciwo, ko mugunya, ko wari, ko bakin ɗinki ya buɗe, ko fatar gefe ta yi baƙi. A sa masa tarmomita ta dubura, da ɗan man shafawa a bakinta: zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 ne zuwa 39.2, abin da ya haura 39.5 ga wanda ke kwance a inuwa zazzaɓi ne.

Ƙuda shi ne babban abokin gaba, musamman daga saukar damina zuwa kaka, ko in gidan yana kusa da mahauta ko turken dabbobi. Ƙwan da ya zuba da safe kan iya ƙyanƙyashewa kafin gobe, tsutsar ta kutsa ƙarƙashin fata inda ido ba ya gani. Maganinsa gidan sauro ne, sange, a rataya shi a kan shimfiɗar karen dare da rana, a danne gefensa da duwatsu, a ɗaga shi yadda bakin karen ba zai kai ya tauna ba. Yana kuma tare kaji, waɗanda ke tsattsagar duk abin da ya yi ja. Shimfiɗar ta zama tsohuwar katifar soso, a sa mata leda, a rufe da zane, a riƙa canja zanen kullum. In an wanke a shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ba, domin akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa da kuma tufar da aka shimfiɗa a kansa, tsutsarsa ta huda lafiyayyar fata. In an riga an ga tsutsa, a cire waɗanda ake gani da hantsaki mai tsabta, a kwarara ruwan gishiri da sirinji marar allura, a kai wa likita ya ciro na ciki.

Sai maganar da kowa ke faɗa, wai yawun kare magani ne, a bar shi ya lashe. Ga ɗan ƙwarzane wataƙila ba laifi. Ga ɗinki mai tsawon taƙi ko fiye, harshe mai kaushi da haƙoran gaba suna iya warware aikin likita a dare ɗaya, bakin kuma cike yake da ƙwayoyin cuta. Ƙaiƙayin ya fi tsanani daga kwana na biyar, daidai lokacin da mai gida ya fara sakin jiki. A yi masa kwala, wato abin da ake zagaye masa kai da shi don kada bakinsa ya kai ga ɗinki. A samo bokitin roba marar nauyi, a yanke gindinsa daidai yadda kai zai shiga, a naɗe bakin yankan da tsumma da salatif don kada ya yanke wuya, a huda ramuka huɗu a zura igiya a ɗaure da abin wuyansa, a bar sararin yatsu biyu. Bakin bokitin ya zarce hancinsa da santimita 3 zuwa 5, in bai zarce ba aikin banza ne. A bazara a huhhuda jikin bokitin don iska, ko a yi da kwali mai kauri. Kwanon ruwa ya zama ƙarami da zai shige cikin kwalar, a ɗora shi a kan bulo. Karen zai yi ta karo da bango kwana ɗaya, zai saba. Ba a cire masa da dare, da dare ne ma ake ɓarnar. Wanda aka cire wa ƙafar gaba yana iya sosa ɗinkin da ƙafar baya, kwala ba ta hana wannan, sai a sa masa tsohuwar riga mai gajeren hannu ta auduga, a ƙulle ta a gadon baya, a riƙa canjawa kullum.

Ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14. Kafin nan ba wanka, ba birgima a yashi. Kwala ta ƙara kwana 2 bayan an cire zaren.

Tashi da tafiya

Washegarin aiki a taimaka masa ya miƙe. A ninka zane ko tawul a tsawonsa, a zura a ƙarƙashin mara ga wanda ya rasa ƙafar baya, ko a bayan hammata ga wanda ya rasa ta gaba, yadda ba zai danne ɗinki ba. A riƙe bakin biyu daga sama. Ba ɗaukarsa za a yi ba, tare faɗuwa kawai za a yi, shi ya nemo daidaitonsa. Za a ga yana jawo ƙafar da ta saura zuwa tsakiyar jikinsa har ƙafafun uku su zauna kamar duwatsun murhu, haka ake so. Minti 5, sau 3 ko 4 a rana, da igiya a wuya, ya fita ya yi fitsari ya dawo, wannan ya isa har a cire zare. Ya kamata ya yi fitsari cikin awa 24, in bai yi ba a kira likita. Kashi kan iya jinkiri kwana 3 ko 4 saboda azumin kafin aiki da magunguna. Wanda bai fara tashi ba, sai a riƙa juya shi duk bayan awa 4, in ba haka ba fatar gwiwa da kwatangwalo za ta ci.

Daɓen tayil da siminti mai santsi su ne tarkonsa. Faɗuwa ɗaya a kan ɗinki tana iya mayar da jinya farko, tana kuma sa masa tsoron tashi. A shimfiɗa tabarma ko buhuna daga makwancinsa zuwa ƙofa. Dakali mai tsawo a sa masa bulo ya zama mataki biyu. A raba shi da sauran karnuka, a ja wa yara kunne, masu son wasa da shi da masu jifa duka. Kada a ɗaure shi da doguwar sarƙa ba kowa a kusa, tana naɗe ƙafa, shi kuma ba shi da ta huɗun da zai dogara ya warware.

Bayan cire zare a riƙa ƙara minti 2 zuwa 3 duk bayan ƴan kwanaki. Tafiya gajera sau da yawa ta fi doguwa sau ɗaya. Saurinsa zai ba da mamaki, domin sassarfa ta fi masa sauƙi a kan tafiyar a hankali, amma ƙarfin da yake kashewa ya fi na da. In ya zauna a hanya a jira shi. Da bazara a fitar da shi bayan asuba da bayan magariba kawai. A ɗora bayan hannu a ƙasa, in ba a iya jurewa daƙiƙa 5 ba, dagin da ke ɗauke da nauyin biyu ba zai jure ba. In zafi ya kama shi, haki ba tsayawa, harshe ja wur, tangaɗi, a kai shi inuwa a jiƙa masa ciki da dagi da kunnuwa da ruwan randa, a yi masa fifita.

Ci da sha

Kare yana buƙatar ruwa mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a rana, wato kusan lita 1 ga mai kilo 15, da zafi kuma har ninki biyu. Mun san halin ruwa a garin nan, ranar da famfo ya ɗauke a ware masa nasa tun da safe a gora, a ajiye kwanon inda zai kai ba sai ya tashi ba. A ja fatar bayan wuyansa a saki, in ta tsaya ba ta koma nan take ba ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Nama da nama ake gina shi. Ragowar tuwo kaɗai ba ta rufe ɗinki. A makonnin jinya kashi ɗaya cikin uku na kwanonsa ya zama dafaffen kayan ciki, huhu, tumbi, kifi marar ƙaya ko ƙwai dafaffe, sauran shinkafa ko tuwon gero, da ɗan kabewa in kashi ya yi tauri. A ɗebi nasa kafin a sa miya, domin albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, shi kuma ya riga ya zubar da jini. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji.

Da zarar ya warke, sai a juya akalar. Tausayi kan sa a riƙa cika masa kwano, alhali motsinsa ya ragu. Kowane kilo da ya ƙaru a kan gaɓoɓi uku yake sauka, ƙarshensa ciwon gaɓa tun bai tsufa ba. A ganina siririn kare mai ƙafa uku ya fi mai ƙiba tsawon amfani nesa ba kusa ba. A shafa gefensa: a ji haƙarƙari a ƙarƙashin tafin hannu ba sai an danna ba, in an dube shi daga sama a ga ƙugu ya shiga.

Ƙafafun da suka saura su ne jarinsa, kuma ƙayar da a da zai ɗingisa ya wuce yanzu tana iya kwantar da shi. Kowace yamma a buɗe tsakanin yatsunsa a cire ƙarangiya da tsidau, musamman da kaka. A duba tsagewar tafin dagi da hunturu, a shafa ɗan man kaɗanya. Farce in ya yi tsawo har yana ƙara a siminti a rage bakinsa kaɗan-kaɗan, kada a kai ga jan da ke ciki. Kaska a cire ta daga gindi da hantsaki, a nemi maganinta na karnuka wurin likita, domin cututtukan da take sawa suna shanye jini suna kuma hana shi daskarewa. Wanda ya rasa ƙafar baya ba ya iya sosa kunne da wuyan wannan gefen, nan kaska ke taruwa, sai mai shi ya riƙa duba masa. Wanda ya rasa ta gaba kuma gwiwar da ta saura ce ke dukan ƙasa duk kwanciya, shimfiɗa mai laushi ta zama tasa har abada.

Gadi zai koma, kunnensa da haushinsa ba su ragu ba. Hawa duwatsun unguwar Birni, bin moto a titi, da fita farauta yini guda sun wuce. Karen garke zai iya zama a zango ya tsare ƙananan dabbobi maimakon bin doguwar tafiya. Karya kuma ɗaukar ciki nauyi ne babba a kan ƙafa uku, a yi shawara da likita kan yi mata aikin hana haihuwa.

Duk wannan ga karen da haɗarin mota, ko tarko, ko waya, ko ɗorin da ya matse har ƙafa ta ruɓe ya kai shi ga yanka. In dalilin sankarar ƙashi ce, wadda ta fi kama manyan karnuka masu shekaru, lissafin daban ne. Yankan yana raba shi da ciwo mai tsanani, amma galibi cutar ta riga ta kai huhu, kuma ba tare da ƙarin magani ba yawancinsu watanni 4 zuwa 5 suke yi. Irin wannan a riƙa ƙirga numfashinsa yana barci sau ɗaya a mako a rubuta. In ya riƙa haura 30 a minti, ko tari ya fara, ko yana ramewa alhali yana ci, ko ɗingishi ya ɓulla a wata ƙafar, a koma wurin likita a yi magana a fili kan maganin ciwon da zai wadatar da shi da kuma lokacin da ya kamata a hutar da shi.